Hoton Cikin Wata Uku, Gwajin Jini ko Allura: Wanne Ya Dace da Gidanku?

A yawancin ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mace ba ta fara awo sai ciki ya fito ya ƙi ɓoyuwa, wata biyar ko shida. Idan aka tura ta sikanin, tambayoyin da ake jira ta dawo da amsarsu sanannu ne: yaron na motsi? Ɗaya ne ko biyu? Kansa ya juyo? Sai wadda ake yi ƙasa-ƙasa, namiji ne ko mace. Amma akwai wani hoton da ake ɗauka tun ciki na wata uku, wanda idan lokacinsa ya wuce shi ke nan, kuma likitoci a birni sun fara ambata shi ga mata, musamman waɗanda suka haura shekara 35. A ce mata ta je a auna ƙeyar yaro, ko ta yi wani gwajin jini na musamman, ta dawo gida da takarda ba ta san me za ta zaɓa ba, maigida kuma yana ta lissafin kuɗin mota da na gwaji. Irin wannan gidan nake yi wa bayani.

Tun farko a san abin da ake nema. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kusan kowace tana ɗauke da zaruruwa 46 da likitoci ke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, a jere bibbiyu. Su ke ɗauke da kamannin mutum da tsarin ginuwar gaɓoɓinsa. Wani lokaci, tun a ranar da ciki ya shiga, sai lissafin ya zo da ƙari. Idan zare mai lamba 21 ya zo uku maimakon biyu, ita ce lalurar Down, wadda ta ɗauki sunan likitan Ingila John Langdon Down da ya siffanta ta a 1866. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano cewa ƙarin zaren ne sanadi. Mun san yaran a unguwanninmu: idanu masu ɗan karkata sama, jiki sakwaf suna jarirai, jinkirin zama da tafiya da magana. Kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya. Inda suka samu kulawa kuwa suna kai shekara 60. Idan ƙarin ya faɗa lamba 18 ko 13, abin ya fi tsanani nesa ba kusa ba, yawanci cikin kan lalace ko jaririn ya koma kafin ya cika shekara.

Ba aljani ne ya musanya yaron ba, ba ɗan ruwa ba ne, ba wani abu uwar ta ci ba, ba kuma don ta fita da magariba ba. Auren zumunci ma ba shi ke kawo ta ba, nasa lissafin yana ga wasu cututtukan gado na daban. Abin da aka tabbatar yana ƙara yiwuwarta shi ne shekarun uwa. Mai shekara 20, kamar 1 cikin 1,500. Mai 30, kamar 1 cikin 900. Mai 35, 1 cikin 350. Mai 40, 1 cikin 100. Mai 45, kusan 1 cikin 30. Wannan lissafin ya shafe mu ƙwarai, domin matanmu suna haihuwa har jini ya ɗauke. Ɗan auta da aka samu a shekara 42 bayan haihuwa tara ko goma ba baƙon abu ba ne a Ringim ko Gaya ko Gwaram. Duk da haka amarya 'yar 19 ma tana iya haifa, ba wadda shekarunta suka ba ta tabbas.

Sikanin na yau da kullum, amma da wuri

Wannan kowa ya san shi. Ana samunsa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da wuraren hoto masu zaman kansu, cikin 'yan mintuna an gama, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin yawancin gidaje ba. Ba ya faɗin komai a kan kuromosom. Amma a ganina, a ƙauye, ya fi duk sauran gwaje-gwajen da zan ambata ceton rai. Shi ke nuna ko cikin yana cikin mahaifa ko ya maƙale a bututun da ƙwai ke bi, wanda idan ya fashe mace na iya zubar da jini a ciki ta rasu kafin a samo mota. Shi ke nuna ko zuciyar yaron na bugawa. Akwai matan da ake ce wa cikinsu ya kwanta, su yi watanni suna shan jiƙo suna jiran ya tashi, alhali zuciyar ta tsaya tun tuni. Shi ke nuna tagwaye, kuma a wata uku ne aka fi gane ko mabiyiya ɗaya suka haɗa ko kowa da tasa, bambancin da ke canza irin kulawar da za a ba su har haihuwa.

Sai kuma lissafin wata. Macen da ta samu ciki a kan goyo ba ta ga al'ada ba balle ta ƙirga. Wata kuma za ta ce tsakanin Sallah da Sallah ne. Hoton da aka ɗauka kafin mako 14 yana faɗin shekarun cikin da kuskuren da bai wuce kamar mako guda ba, na wata bakwai kuwa yana iya kaucewa da mako uku. Duk gwajin da ke gaba a kan wannan lissafin ya dogara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu hoto ɗaya kafin mako 24, ta fara awo cikin makonni 12 na farko, ta je sau takwas.

Ga masu tsoro: na'urar da sauti take aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Ba ta ƙona yaro, ba ta kawo ɓari.

Awon ƙeya

A takardar asibiti za ki ga an rubuta NT. Kowane ɗan tayi mai wata uku yana da ruwa kaɗan kwance ƙarƙashin fatar ƙeyarsa. A allon na'ura yakan fito baƙin layi siriri tsakanin fararen layuka biyu. Farfesa Kypros Nicolaides da abokan aikinsa a asibitin King's College na Landan suka nuna a 1992 cewa idan ruwan ya yi kauri, yiwuwar ƙarin kuromosom tana ƙaruwa. Ana auna shi ne daga mako 11 zuwa mako 13 da kwana 6, lokacin da tsawon yaron daga kai zuwa gindi yake tsakanin milimita 45 da 84. Kwana 21 ke nan kacal. Bayan mako 14 ruwan kan janye ko da yaron na da lalurar, awon ya daina amfani. Ana fara ƙirga makonnin daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, don haka idan al'ada ta tsallake sau biyu ki fara shiri, idan ta tsallake ta uku kina tsakiyar lokacin.

A nan ne al'adarmu da wannan gwaji suke cin karo. Wata uku lokaci ne da mace ba ta gaya wa kowa ba, mai cikin fari ma ko uwarta tana jin nauyi. Ban ce a yi shela ba. Maigida da malamar asibiti sun isa, su biyun kuma suna iya riƙe sirri.

Na'urar iri ɗaya ce da ta sikanin da muka saba, aikin ne ya bambanta, kuma ya kamata ki san kamanninsa don ki gane ko an yi miki shi. Mai hoton zai jira yaron ya kwanta a gicciye har a ga gefen fuskarsa, goshi da hanci da haɓa, wuyansa bai sunkuya ba bai kuma ɗaga ba. Zai ƙara girman hoton har kai da ƙirji kaɗai su cika allon. Sai ya bambance fatar yaron da tantanin jakar da yake kwance a ciki, domin suna kama da juna, wani lokaci sai yaron ya zabura sannan su rabu. Sannan ya ɗora 'yan alamomi biyu a bakin layin ya auna, ya sake aunawa, ya ɗauki mafi girma. Idan yaro ya juya baya, za a ce ki yi tari, ko ki tashi ki ɗan zaga ki dawo. Yakan ci minti 20 ko 30. Kuskuren rabin milimita yana canza lissafin gaba ɗaya, shi ya sa akwai horo da shaida ta musamman ga masu yin sa, wadda aka fi sani ita ce ta Fetal Medicine Foundation da ke Landan. Idan an goga miki na'ura minti uku aka rubuta lamba aka miƙo miki, hoton yau da kullum aka yi miki, ko me aka rubuta a saman takardar.

Yawancin lafiyayyun yara ruwan ƙeyarsu bai kai milimita 3 ba. Daga 3.5 zuwa sama ana ɗaukarsa ya yi yawa, kuma ana ganin haka a kamar ciki 1 cikin 100. Ko a nan ma, idan awon ya tsaya tsakanin 3.5 da 4.4, kamar 1 cikin 5 ne ake samu da matsalar kuromosom, kusan 7 cikin 10 kuma ana haifarsu lafiya lau. Idan ya haura 6.5, kusan 2 cikin 3 ne ke da matsalar. Ruwa mai kauri yana iya zama alamar ciwon zuciya ko da kuromosom ɗin daidai suke, wannan kaɗai ma dalili ne na a duba zuciyar yaron da kyau nan gaba. Wasu masu hoton suna duba ƙashin hanci, domin a yaran Down da yawa ba ya fitowa a wannan lokaci. Sai dai an lura rashin ganinsa ya fi yawa ga lafiyayyun 'ya'yan baƙar fata fiye da na Turawa, don haka kada a firgita uwa da wannan alamar ita kaɗai.

Idan aka haɗa awon da shekarun uwa, gwajin yana kama kamar 7 zuwa 8 cikin kowane ciki 10 mai lalurar Down. Sauran suna wucewa ba a gani ba. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin mata 100 da aka auna, kamar 5 za a ce musu suna cikin masu haɗari, mafi yawansu kuwa lafiyayyun 'ya'ya za su haifa. Hadari ne ya haɗu a gabas, yana iya zubarwa, yana iya bajewa.

Wannan shi ne wurin da aka fi cutar da mata, rashin wanda zai zauna ya yi bayani. Na ga uwar miji ta shigo ɗakin awo da takarda a ƙulle a bakin zane, surukarta na biye ido ya kumbura.

"Malama, an ce yaron nan musaki ne. Kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba."

"Inna, zauna tukuna, kawo takardar in gani. Kin ga nan? An rubuta 1 cikin 120. Ma'anarsa, mata 120 masu irin wannan sakamakon, ɗaya ce za ta haifi mai lalurar. Sauran 119 lafiyayyu za su haifa."

"To me ya sa aka ce mana haka?"

"Ce muku aka yi a ƙara bincike, Inna. Ba a yanke hukunci ba."

Wanda ba zai iya yi miki irin wannan bayanin ba bai kamata ya karɓi kuɗinki ya yi miki gwajin ba.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da mu. Kwamfutar da ke fitar da lissafin ba ta san shekarunki ba, abin da kika faɗa za a shigar. Mata da yawa a ƙauye idan aka tambaye su sai su ce talatin, alhali babbar 'yarsu ta yi aure har ta haihu. Tsakanin 30 da 40 kuwa lissafin ya ninka kusan sau tara. Kafin ki je, ku zauna da maigida ko wata yayarki ku ƙirga daga shekarar aure da shekarun ɗan fari, a samu abin da ya fi kusa da gaskiya.

Idan aka ƙara da jini

A mako ɗaya da awon ƙeya ana iya ɗibar jinin uwa a auna wasu sinadarai biyu da mabiyiya ke fitarwa, PAPP-A da hCG. A cikin mai lalurar Down na farkon yakan yi ƙasa, na biyun ya yi sama. Idan aka haɗa su da awon da shekaru, kamun yana tashi zuwa 85 ko 90 cikin 100, masu firgitar banza kuma suna nan a 5 cikin 100. Ƙari ne na gaske, amma yana buƙatar ɗakin gwaji mai na'urar da manhajar lissafin, a shigar da nauyin mace daidai, a faɗa ko tagwaye ne ko tana da ciwon suga, a kuma daidaita lissafin da jinin baƙar fata, domin PAPP-A ɗinmu ya fi na Turawa yawa a ɗabi'ance. Wadda mako 14 ya wuce mata akwai wani gwajin jini mai sinadarai huɗu da ake yi tsakanin mako 15 da 20, yana kama kamar 8 cikin 10.

Na gaba da shi shi ne gwajin jinin da ake rubutawa NIPT. A 1997 Dennis Lo, masani ɗan Hong Kong, ya gano cewa ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ɗan tayi suna yawo a jinin uwa, daga mabiyiya suke fitowa. Daga 2011 aka fara amfani da wannan a asibitoci. Jini kawai ake ɗiba a hannu, daga mako 10 zuwa gaba, ba shi da ƙurewar lokaci irin ta awon ƙeya. Yana kama fiye da 99 cikin 100 na lalurar Down, ƙararrawar ƙaryarsa kuma ba ta kai 1 cikin 100 ba. Ta fuskar inganci ba a haɗa shi da na baya. Matsalarsa kuɗi: ɗaruruwan dubban naira ake magana, ana aika jinin nesa, a jira mako ɗaya ko biyu. Wani lokaci sakamako ya dawo babu amsa saboda ɓurɓushin yaron bai isa ba, an fi ganin haka ga mata masu jiki. Wadda aka yi wa ƙarin jini a 'yan watannin baya ta faɗa kafin a ɗiba, domin yana iya rikita shi. Kuma duk ingancinsa, idan ya ce akwai matsala sai an tabbatar, musamman ga yarinya ƙarama wadda tun asali yiwuwar ba ta da yawa a gare ta. Ba ya ganin zuciya ko ƙashin baya ko ƙoƙon kai, saboda haka ba ya maye gurbin hoto. Ba zan ba kowane gida shawarar sayar da akuya ko hatsin ci don a yi shi ba, sai da dalili mai ƙarfi.

Allura: ita kaɗai ke cewa e ko a'a

Duk abin da ya gabata ƙiyasi ne. Tabbas yana ga ɗauko ƙwayoyin yaron kansu a ƙirga zaruruwan. Hanya biyu ce. Tsakanin mako 11 da 14 ana tsakuro ɗan guntun mabiyiya, shi ake rubutawa CVS. Daga mako 15 ana zuƙo kaɗan daga ruwan faya da siririyar allura ta fatar ciki, likita na kallon allo don kada ta taɓa yaron. Amsar farko kan fito cikin 'yan kwanaki, cikakkiyar kuma mako biyu zuwa uku. Farashinta ba na kuɗi kaɗai ba ne: tana iya jawo ɓari, har zuwa kamar 1 cikin 200, ƙasa da haka a hannun wanda ya ƙware. Mai jinin da ake ce wa nagetif tana buƙatar allurar kariya bayan an yi. Aikin ƙwararrun likitocin mata ne a manyan cibiyoyi, ba a yarda kowa ya yi shi a ɗakin bayan kemis.

Tunda an zo nan, sikila ba ta cikin lalurorin ƙarin kuromosom. Ba hoton da ke ganinta, awon ƙeya ba ya ganinta. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da 1 cikin 4 na zama SS, kuma gwajin allurar nan ne ke iya faɗa kafin haihuwa.

Hoton wata biyar

Tsakanin mako 18 da 22 ana yin hoton duba gaɓoɓi, daga kai har ƙafa: ƙwaƙwalwa, leɓe, ɗakunan zuciya huɗu, ciki, ƙoda, ƙashin baya, wurin da mabiyiya ta zauna. Ga lalurar Down shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, yara da yawa masu ita suna fitowa daidai a hoto. Masu lamba 18 da 13 kuwa yawancinsu yana nuna su, domin nakasar gaɓoɓinsu a fili take. Kuma lokacinsa ya yi daidai da lokacin da matanmu suka saba fara awo. Shi ma ba aikin minti uku ba ne.

Me za a yi da amsar?

Wannan tambayar ya kamata miji da mata su yi wa juna kafin a hau mota, domin ita ke raba gardama tsakanin gwaje-gwajen nan. Babu magani ko allura ko rubutu da ke cire ƙarin kuromosom. Folik asid da ake ba masu ciki yana kare buɗewar ƙashin baya da ƙoƙon kai, a sha shi tun kafin ciki in da hali, amma ba ya hana lalurar Down. A wasu ƙasashe ana yin gwajin nan ne don a zaɓi ko a bar cikin ko a cire. A nan dokar Najeriya ba ta halatta zubar da ciki ba sai ran uwa na cikin haɗari, mazhabar Malikiyya da muke bi kuma tana cikin masu tsanantawa a wannan babi. Mafi yawan gidajen da na sani ma ba za su kawo maganar a ransu ba.

To ina amfanin sani? Amfanin yana ga inda za a haihu da abin da za a tanada. Jaririn da ke da ramin zuciya, ko wanda hanjinsa ya toshe daga sama, abin da ake gani a wasu yaran Down kuma tiyata ke gyara shi, idan aka haife shi a ɗaka da tsakar dare a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, yana iya tafiya ba a san me ya same shi ba. Idan an sani, sai a shirya haihuwa a inda akwai likitan yara da ɗakin jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A duba zuciyarsa a makonnin farko. A gwada ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, wadda raunin aikinta ya yawaita a yaran nan, yana ƙara dakushe ƙwaƙwalwa, maganinsa kuma ƙwaya ce ƙarama kullum. A koya wa uwa yadda za ta shayar da jariri mai sanyin tsotso. A kuma shirya zukatan dangi tun da wuri, don kada ranar suna a fara raɗe-raɗin ɗan ruwa, a ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake da kishiyoyi da facaloli.

Sanin yana da nasa nauyin kuma. Macen da aka ce wa tana cikin masu haɗari, ba ta da kuɗin NIPT, ba ta son allura, za ta ɗauki wata shida tana kwana da fargaba a kan yaron da wataƙila lafiyarsa ƙalau. Wadda ta san ba za ta iya zuwa mataki na biyu ba, ta yi tunani sosai kafin ta taka na farko.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Mace 'yar ƙasa da 35, ba ta taɓa haifar mai lalura ba, gida kuma na lallaɓawa: hoton yau da kullum a wata uku, hoton gaɓoɓi a wata biyar a hannun wanda ya iya, sauran kuɗin a ajiye wa motar ranar haihuwa. Hawan jini da jijjiga da zubar jini da ƙarancinsa sun fi kusa da ita fiye da ƙarin kuromosom, kuma awo na yau da kullum, da ƙwayar ƙarin jini, da Fansidar, da gidan sauro su ke tare su. Idan a tafiyar wata ukun an dace da mai horon awon ƙeya, to a haɗa, jifa ɗaya ce.

Mace 'yar 38 zuwa sama, ko wadda ta taɓa haifar yaro mai lalurar: ita ce tafiya birni a wata uku ta fi cancanta. Awon ƙeya tare da jini in ana yi. Ta sani tun daga gida cewa shekarunta kaɗai na iya jefa lissafinta cikin masu haɗari, kada lambar ta razana ta. Idan gidan na da hali, NIPT ya fi mata, domin zai raba ta da fargabar banza. Wadda ta taɓa haifa, yiwuwar maimaituwa kamar 1 cikin 100 ce, ko lissafin shekarunta idan ya fi haka. Akwai kaso kaɗan, 3 zuwa 4 cikin 100 na masu lalurar, da zaren ya manne da wani, irin wannan ana iya gadonsa daga uwa ko uba lafiyayye, don haka idan abin ya maimaitu a dangi a gaya wa likita.

Wadda aka ga ruwan ƙeyar ɗanta ya kai 3.5 ko ya haura: kada ta tsaya yawon sake hoto daga shago zuwa shago, ruwan zai janye da kansa a ce mata ya warke. Ta nemi takardar turawa zuwa likitan mata a asibitin koyarwa, a yi maganar allura, a kuma sa ranar duba zuciyar yaron a wata biyar ko da wane sakamako aka samu.

Wadda ta ce ita ba ta son sani, ta bar wa Allah, haƙƙinta ne, ba wanda zai tilasta mata, likita ko miji. Ta dai yi hotunan nan biyu, ta riƙe awo.

Daga Maigatari ko Birniwa ko Doguwa zuwa Kano wuni guda ne da kuɗin mota na mutum biyu, don haka kafin a tashi a sa malamar asibitin garinku ko wani ɗan'uwa a birni ya tambayo: ana awon ƙeya a wurin? Wace rana? Mai yin sa ya samu horonsa? Lissafin 1 cikin kaza za a bayar ko lambar milimita kawai? Idan ya fito da haɗari, wa zai yi bayani, ina za a tura mu? Wadda ta fi son mace ta duba ta ta faɗa tun a nan, domin wani lokaci sai an bi ta gaba kafin hoton ya fito sosai. Ki tafi da katin awo da takardar hoton farko, ki karɓi sakamakon a rubuce, ki kai shi asibitin da za ki haihu a liƙa a katinki.